Badagry Ga Baƙon Zazzau: Sharhi Kan Jagora, Kwale-kwale Da Masauki

A Zariya mutum uku ne suka fi sanin hanyar Badagry. Akwai ɗalibin Faransanci na Jami'ar Ahmadu Bello da ake turawa ƙauyen koyon harshen da ke Ajara, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. Akwai ma'aikacin gwamnati da aka tura kwas ASCON, kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati da ke Topo. Sai ɗan kasuwa mai ratsawa ta garin zuwa bodar Seme. Da dama cikinsu sukan yi makonni ko watanni a can, su dawo gida ba su taɓa tsallaka ruwa sun taka bakin teku ba, alhali tsakaninsu da shi bai kai tafiyar sa'a guda ba. Wannan sharhi na wanda zai je don ganin garin ne kurum: magidanci da iyalinsa, ko makaranta mai kai ɗalibai yawon buɗe ido, ko abokai da suka haɗa kuɗin mota. Badagry tsohuwar tashar cinikin bayi ce, tarihin nan ake zuwa gani. Abin da aka auna shi ne hidimar da ake sayar wa baƙo a can, wato jagora, ƙofofin gidajen tarihi, kwale-kwale da wurin kwana.

Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, amma da sharaɗi. Abin gani a Badagry na kwana ɗaya da rabi ne, wanda ya ware masa mako guda zai ƙare da kallon silin ɗin otal. Kuma hidimar a warwatse take, babu wani ofis guda da za ka biya sau ɗaya a ba ka tikitin da zai buɗe maka ko'ina. Wanda ya fahimci haka tun daga gida, ya kashe kuɗinsa a kan jagora mai kyau da kwale-kwale mai lafiya, zai dawo da abin faɗa. Wanda ya zuba kuɗin a otal mai tsada ya bar sauran ga sa'a, shi ne mai dawowa yana cewa babu komai a wurin sai rairayi da tsofaffin sarƙoƙi.

Garin yana jihar Legas, kimanin kilomita 60 yamma da tsakiyar birnin, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Abin da baƙo ba ya sani sai ya isa shi ne garin ba a bakin teku yake kai tsaye ba. Yana gefen wani dogon tafki ne mai kwantaccen ruwa, wanda ya haɗa Legas da Porto-Novo, babban birnin Benin. A ɗaya gefen tafkin akwai siririn tsibiri na rairayi da itatuwan kwakwa, ana kiransa Gberefu, sai bayansa tekun Atlantika. Mutanen garin Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, tare da Yarabawa, sarautar garin kuma ana kiranta Akran. Tsohon garin unguwa takwas ne, kowace da nata basaraken da nata gidan sarautar, kuma wannan ne asalin warwatsuwar hidimar: kayan tarihin da yawa na gidaje ne, kowane gida yana riƙe da nasa, yana karɓar kuɗin ƙofarsa.

Hanya ita ce rabin wahalar. Daga Zariya zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, ko ta Abuja, Lakwaja da Okene, ko ta Mokwa, Jebba da Ilori. Manyan bas ɗin da ke tasowa daga Kano suna ɗiban mutane a Kwangila ba sa kasa sa'a 15, sau da yawa sukan zarce haka sosai. Mai iyali da yara ƙanana ya fi masa sauƙi ya raba tafiyar: mota zuwa Kaduna, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, sannan jirgin sama daga Abuja. A Legas kuma tashar da ake nema ita ce Mile 2, daga nan ake hawa bas mai bin babban titin Badagry, ta Festac, Iyana-Iba, Okokomaiko da Agbara. In titi a sake yake, sa'a ɗaya ce da 'yan mintuna. In gosulo ya kama, sa'a uku ma ba abin mamaki ba ne. Da safe cunkoson na masu shigowa Legas ne, da yamma na masu komawa gida, don haka mai zuwa Badagry ya bar Mile 2 da hantsi, kada ya kai la'asar. An ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 a 2024, amma wannan zancen gobe ne, ba a tsara tafiyar bana a kansa.

Daga Agbara zuwa gaba shingaye suke, na kwastam, na 'yan sanda, na jami'an shige da fice, saboda hanyar boda ce. Kowane baligi ya riƙe katin ɗan ƙasa a aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba. Makaranta ta tanadi wasiƙa mai hatimi da jerin sunayen ɗalibai, kwafi uku, domin wani shingen yakan karɓa bai mayar ba. Mota cike da samari 'yan Arewa tana jan tambaya a wannan hanya, kuma takarda tana gajarta zance fiye da gardama.

Yanzu ga jagora, wanda shi ne zuciyar hidimar. Da ka sauka a titin Marina, inda yawancin wuraren suke, za a tare ka. Wasu ma'aikatan gidajen tarihin ne, wasu masu zaman kansu ne da suka haddace labarin, wasu kuma 'yan kamasho ne kawai masu miƙa ka ga wani su karɓi nasu. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: ka fara shiga gidan tarihin gwamnati, ka nemi a haɗa ka da jagora daga can, ko ka sa masaukinka ya kira wanda suka saba da shi. Kafin a ɗaga ƙafa a zauna a yi ciniki ɗaya mai ɗauke da komai, a rubuta a takarda ko a saƙon waya: wurare nawa za a shiga, kuɗin ƙofar kowane nawa ne ga babba da yaro, kuɗin kwale-kwale na zuwa da dawowa ne ko na zuwa kaɗai, akwai kuɗin da ake karɓa a kan tsibirin, akwai na ɗaukar hoto, sannan ladan jagoran shi kansa. Inda aka fi samun saɓani shi ne kwale-kwale. A faɗa maka farashi a wannan gaɓa, ka tsallaka, sai a can ka ji cewa na dawowa daban ne, kai kuma ba ka da wata hanya. A ba da rabi a farko, rabi bayan an dawo gaɓar gari. A riƙe ƙananan kuɗi, 'yan ɗari biyar da 'yan dubu, domin canji yana wuya, kuma tura kuɗi ta waya yakan maƙale in an tsallaka ruwa.

Bayanin da Turanci ake yinsa, ko Turancin buroka, ko Yarabanci. Da wuya a samu mai yi da Hausa. In akwai dattawa a tafiyar, a ware mutum guda mai fassara, a kuma gaya wa jagora tun farko ya riƙa tsayawa bayan kowace jimla biyu ko uku. Da yawansu sun saba zubo labarin kamar karatun hadda, in ba a taka musu birki ba sai a gama ɗaki Baba bai ji komai ba.

Tsarin da jagorori suka fi so shi ne su fara da gidajen tarihi duka, su ƙare da tsibiri, domin haka labarin ya jeru: kasuwa, kurkuku, tashar ruwa, teku. A kunne yana da daɗi, a jiki kuwa azaba ne, don yana kai ka tsakiyar rairayi da ƙarfe ɗaya na rana. Ka nemi a juya shi. A fara da kurkukun bayi na Seriki Abass da zarar an buɗe, tunda yana kusa da inda ake hawa kwale-kwale, a tsallaka kafin ƙarfe 9:30, a dawo kafin azahar, a yi salla a ci abinci, sannan a shiga sauran wuraren da ke da inuwa. Jagoran da ya ƙi wannan sauyi ba tare da dalili ba, a nemi wani.

Gidan Seriki Abass shi ne wurin da ya fi taɓa zuciya, kuma shi ya fi cancantar a daɗe. An gina shi wajen shekarun 1840, da ɗakuna 40 na tsare bayi kafin jirgi ya zo. Mai gidan, Seriki Williams Abass, Bayarabe ne da aka kama shi bawa tun yana yaro, aka kai shi Burazil, ya dawo ya shiga cinikin da ya ci shi, daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki ɗin nan Sarki ce ta Hausa da ta shiga bakin Yarabawa. Zuriyarsa suna zaune a gidan har yau, don haka za ka ga shanya da yara da tukunya a kan wuta, ɗakuna kaɗan ne aka bari a yadda suke don baƙi. Gida ne na mutane, a yi sallama, kada a leƙa inda ba a nuna ba. Kowane ɗaki bai fi taku uku a tsaye da uku a kwance ba, da 'yar taga guda can sama. Jagora zai ce mutum 40 ake cusawa ciki. Ku shiga ku shida ko takwas a ja ƙofa na minti ɗaya, za ku ji yadda numfashi ke ƙaranci, ba sai an ƙara bayani ba. Mai asma da mai tsoron ƙunci su tsaya a waje. Za a nuna muku mari na ƙafa, da ƙangin wuya, da wata tsohuwar lema da za a ce an yi musayarta da bayi 40. Irin waɗannan alƙaluma labarin baka ne na gida, a saurare su a matsayin haka.

Ƙaramin gidan tarihin iyalan Mobee ɗaki ne guda, minti 20 ya isa, amma a nan ake barin baƙo ya ɗaga sarƙar da hannunsa ya ji nauyinta, har da takunkumin ƙarfe da ake sa wa baki. Gidan tarihin gwamnati kuwa yana cikin ginin ofishin Di'o da aka yi a 1863, shekarar da Ingila ta karɓe garin. Ya fi sauran tsari, ɗaki bayan ɗaki, da hotuna da rubutu a bango, sai dai in babu wuta wasu ɗakunan suna da duhu da zafi, fitilar waya tana amfani. Wurin kasuwar bayi ta Vlekete da wurin da bishiyar Agiya ta tsaya kafin guguwa ta kayar da ita a 1959, waɗannan na tsayuwar minti goma ne kowanne. A ƙarƙashin bishiyar ne ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a 1842.

Sai ginin da ake kira bene na farko a Nijeriya, wanda 'yan mishan na CMS, ƙungiyar wa'azi ta cocin Ingila, suka kammala a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da ya zama bishop daga baya, ya zauna. Matakalarsa da daɓen samansa na katako ne, kada a hau fiye da mutum goma a lokaci guda, yara kuma kada su yi tsalle. Bazazzagi zai yi murmushi in ya ji sunan, domin hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma Baturen da ya shiga Kano a 1824 ya tarar da benaye na ƙasa a birnin. A shekarun da ake aza tubalin wannan gini, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya riga ya nuna abin da ƙasa za ta iya a Masallacin Juma'a na Zariya. Abin da ya dace a ce shi ne bene na farko irin ginin Turawa. Ba abin faɗa da jagora ba ne, amma malamin da ya kawo ɗalibai ya gyara musu a mota. Yana iya ƙara musu da cewa ƙungiyar CMS ɗin nan ita ce ta iso Zariya bayan shekara 60, ta koma Wusasa a 1929.

Haka batun shekaru. Za ka ji an ce an kafa garin a 1425, an buɗe kasuwar Vlekete a 1502. Masana da suka bi takardun 'yan kasuwar Turai sun nuna cewa Badagry ta zama tashar ciniki ne bayan masarautar Dahomey ta ci Wida, tashar ciniki da ke Benin ta yau, a 1727, 'yan gudun hijira da 'yan kasuwa suka matso gabas, wani ɗan Holan mai suna Hendrik Hertogh ya zauna a nan wajen 1736. Jagora mai kyau zai ce maka ga abin da kakanni suka faɗa, ga abin da takarda ta nuna. Mai rauni zai rantse maka a kan 1502.

Babban giɓin da ke cikin hidimar, ga baƙo daga Arewa, shi ne ana ba da labarin kamar bai shafe shi ba. Ya shafe shi ta fuska biyu. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, an gangaro da Hausawa da yawa ta ƙasar Oyo zuwa tashoshin wannan gaɓa, Legas da Porto-Novo da Wida da Badagry, aka kai su Bahiya a Burazil. Hausawa ne suka shirya tawayen da aka bankaɗo a birnin Salvador a 1807, kuma a babban tawayen Musulmi na Janairun 1835, wanda ya faɗo a ƙarshen azumi, an samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ta ɗaya fuskar kuma, Zazzau kanta ƙasa ce da ta yi suna wajen kai hari da kama bayi a wancan ƙarni, har da su take biyan gaisuwa ga Sakkwato. Wanda ya tsaya a ɗakin Seriki Abass yana jin laifin na Turawa ne da mutanen gaɓa kaɗai, bai karanta tarihin gidansu ba. Akwai kuma zaren da ya haɗa garuruwan biyu kai tsaye: daga Badagry Hugh Clapperton, ɗan Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, ya tashi a Disamba 1825, tare da Richard Lander da wani Bagobiri mai yi musu tafinta da ake kira Pasko, ya iso Zariya a Yulin 1826, ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1827. Wata bakwai ya yi a kan tafiyar da yau ake ƙorafin ta ci kwana guda. Kusan babu jagoran da zai kawo maka wannan da kansa, ka je da shi a kanka.

Kwale-kwalen tsallakawa iri biyu ne, na katako da na roba mai tauri, duka da inji a baya. Tsallakawar 'yan mintuna ce kuma ruwan tafkin a kwance yake, shi ya sa ake sakaci. Dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas ita ce kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, kuma an hana tafiyar dare. Kada ka karɓi rigar don an miƙo ta kawai. Ka duba maɓallanta uku suna kamawa, igiyoyin ba su tsinke ba, soson ciki bai lotse ba. A ɗaure ta tam, a kama kafaɗunta a ja sama: in ta haura kunne ta yi yawa, a ruwa za ta zame ta bar mai ita. Rigar manya ba ta yi wa yaro ɗan shekara shida, kuma na yara su ne ba a cika samu ba, don haka makaranta ta tambaya tun kwana biyu kafin zuwa. A ƙirga kujeru, a ƙirga mutane, kada a yarda da "ku matsa kaɗan". Gara a yi sawu biyu. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna inda matuƙi ya nuna, masu nauyi a raba su dama da hagu. Abin da ke kifar da ƙaramin jirgi shi ne mutum biyar su miƙe lokaci guda su koma gefe ɗaya don hoto.

In inji ya mutu a tsakiyar ruwa, yawanci ɗaya ne cikin uku: ruwa ya shiga fetur, ko fulogi ya yi datti, ko ciyawa da leda sun naɗe farfela. Ciyawar nan mai yawo a kan ruwa, mai kama da kainuwa amma ta fi ta girma, ta wannan tafki ta fara shigowa Nijeriya daga Benin a 1984, kuma tana yawaita daga ƙarshen damina zuwa farkon rani, lokacin da ruwan daɗi ya rinjayi na gishiri. Tana toshe ƙofar da inji ke shan ruwan sanyaya kansa. Alamar lafiya ita ce ɗan siririn ruwa da ke tsartuwa daga bayan inji, in ya tsaya inji zai yi zafi. Kafin a tashi ka leƙa ka ga akwai filafili ko gora a cikin jirgin, ka kuma karɓi lambar matuƙin, ku tsayar da lokacin dawowa.

Daga inda aka sauka zuwa bakin teku kimanin kilomita 2 ne, rabin sa'a ga mai ƙarfi, kusan sa'a ga ayari mai yara. Hanyar rairayi ce, inuwa kaɗan. Kowa ya riƙe ruwan sha lita ɗaya da rabi daga gari, da hula ko lema, da takalmi mai igiya a dunduniya, domin silifas yana nutsewa ya tsinke, rairayin kuma yana ƙona tafin ƙafa da rana ta take. Zafin nan ba irin na Zariya ba ne da gumi ke bushewa nan take. Iskar jiƙe take, gumi ba ya tashi, jiki ba ya hucewa, shi ya sa mutum ke galabaita tun ma'aunin zafi bai wuce digiri 32 ba. Wani lokaci akan samu 'yan acaɓa a tsibirin, suna da amfani ga dattijo, sai dai babur a rairayi yana wutsil-wutsil, mutum ɗaya ya hau, ba biyu ba. A tsakiyar hanya akwai rijiyar da ake cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. A kalla, kada a sha. Ƙarshen hanyar shi ne wurin da ake kira Point of No Return, wato inda in an kai babu komowa, da ginin tunawa a gefensa.

Teku a nan kyakkyawa ne, babu cunkoso, babu kiɗa, sai ƙarar igiyar ruwa da jiragen masunta. Kuma yana kisa. Wanda ya koyi iyo a Galma ko dam ɗin Kubanni kada ya ɗauka ya iya wannan. Gaɓar tana da gangare, igiya tana dukan ƙasa da ƙarfi, in za ta koma sai ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mafi haɗari shi ne wurin da ya fi kama da lafiya: ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yakan nemi wata siririyar hanya ya koma ciki da gudu, kuma a daidai nan ruwan yakan yi duhu, ya kwanta, babu farin kumfa. Baƙo yana ganinsa sai ya ce ga inda ya dace a shiga. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, zai gaji ya nutse, ya bi gefe ne, tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar. Amma maganin gaskiya shi ne kada ruwa ya wuce idon sawu, kuma kada a ba teku baya don ɗaukar hoto. Doguwar riga da hijabi in sun jiƙe suna nauyi suna naɗe ƙafa. Kada a sa ran samun mai ceto a wurin. Makaranta ta sa babba ɗaya a kan kowane yara takwas, a ja layi a rairayi, a ƙirga kai kafin a tashi. Waya a sa ta a leda, feshin gishiri yana cin wurin caji.

Masauki akwai daga ƙananan otal na cikin gari zuwa wuraren shaƙatawa irin Whispering Palms da ke Iworo a bakin tafki. Ko wanne ka zaɓa, ka ga ɗakin kafin ka biya, kuma ka biya kwana ɗaya tukuna. Ka buɗe famfo ka ɗanɗana, domin rijiyoyin kusa da gaɓa sukan yi gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa. Ka shinshina katifa da labule, laima tana sa su fumfuna, mai asma zai kwana yana tari. Ka tambayi ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai. Ka duba ragar taga, ka zo da gidan sauronka, sauron bakin tafki ba ya hutun rani. Garin shiru ne daga Litinin zuwa Alhamis, amma Asabar mutanen Legas sukan zo biki, mai iyali ya nemi ɗaki nesa da mashaya da lasifika. Wanki ba ya bushewa a yini ɗaya, shadda mai sitaci kuma tana laushi kafin azahar, a zo da kaya marasa nauyi na auduga, da ƙari.

Masallatai suna nan da yawa, Musulmin garin ba kaɗan ba ne. Badagry tana yamma da Zariya sosai, rana tana karkatawa a can bayan kimanin minti 20 da karkatawarta a gida, don haka a bi kiran sallar garin, kada a bi agogon da aka saba. Wanda bai yi niyyar kwana huɗu ba matafiyi ne, yana ƙasaru. A tsibiri babu masallaci a kan hanya, a riƙe darduma, ruwan teku kuma yana alwala. In aka ci karo da Zangbeto, dodon gargajiyar Ogu mai kama da tarin ciyawa, a ba shi hanya, kada a ɗaga waya sai an tambaya.

Abinci, a ci kifi. A zaɓe shi ɗanye, ido garau, ƙasan kunnensa ja, tsoka tana dawowa in an danna, a gama ciniki kafin ya hau wuta. Duk abin teku halal ne a mazhabarmu, amma wanda bai taɓa cin ƙaguwa ko jatan lande ba ya fara da kaɗan, wasu jikinsu yana ƙaiƙayi ya kumbura. Nama kuwa a tambaya, akwai wuraren da ke dafa alade. Masu shayi da masu tsire 'yan gida ba sa wuyar samu a wajen tasha da kasuwar Agbalata. Miyar can manja ne da barkono, mai gyambon ciki ya ce a rage.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, hanya tana cika, teku yana hauka. A Agusta ruwan yakan ɗan tsagaita, ga hutun makaranta, sai dai igiyar teku tana nan da ƙarfinta.

Tsaraba ita ce kwakwa, Badagry gidanta ce. A girgiza a ji ruwa yana motsi sosai, a duba idanunta uku babu danshi babu fumfuna, wadda ta tsage ko da kaɗan ba za ta kai Zariya ba. A zuba a buhun algarara mai shan iska, ba a leda ba. Man kwakwa a sa shi a jarka mai murfi biyu, zai daskare in ya iso sanyin hunturu, ba lalacewa ya yi ba. Shinkafar waje da daskararrun kaji da talo-talo kuwa, komai arharsu a kasuwa, a bar su a inda aka gan su, domin shingen kwastam na Agbara yana gaba, kuma buhu ɗaya yana iya tsayar da mota cike da ɗalibai har dare.